Ɗaura allon jibsam a silin mai gangare biyu: yadda nake yi da inda aikin ke ɓaci

Silin da ya bi gangaren rufi ya je ya haɗe a sama, in zai tsage, kusan kullum a ƙololuwa yake farawa. Bayan nan sai inda ya sauka a kan bango, sai kuma inda kan allo, wato gajeren gefensa, ya haɗu da kan wani allon. Tsakiyar allo ba ta tsagewa haka kawai. Mai gida yakan ɗora laifin a kan mai fenti ko a kan garin haɗi, wato wanda ake kwaɓawa a shafe mahaɗar alluna da shi, alhali matsalar tana can baya, a jikin ƙwarangwal ɗin da aka ɗaura allon. Rufi yana motsi: kwano ya yi zafi da rana ya miƙe, ya huce da dare ya koma, katako ya sha danshin damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi. A silin da yake shimfiɗe wannan motsin yana rarrabuwa. A mai gangare biyu kuwa ɓangarorin suna jan juna ne a layi guda. Don haka duk abin da nake yi, tun daga awo har zuwa fenti, ina yinsa ne da wannan layin a raina.

Zan yi bayanin da ɗaki guda, don lissafin ya fito fili: falo mai tsawon mita 6, faɗin mita 4.8, bangonsa na bulo mai tsayin mita 3, ƙololuwar kuma ta ɗara bangon da mita 1, wato tana mita 4 daga ƙasa.

Awo da yawan kaya

Ba a ƙiyasta allo da faɗin daɓen ɗaki. Daɓen nan murabba'in mita 28.8 ne, amma silin ya fi haka saboda gangaren. Rabin faɗin ɗakin mita 2.4 ne, tashin kuma mita 1. Ka ninka 2.4 da kansa ka sami 5.76, ka ƙara 1 ya zama 6.76, lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce 2.6. Kowane gangare ke nan mita 2.6 ne daga bango zuwa ƙololuwa. Biyun a haɗe, murabba'in mita 31.2. Duk da haka sai na hau na auna da tef a farko, tsakiya da ƙarshen ɗakin, domin ginin da bangonsa biyu suka tafi daidai da juna daga farko har ƙarshe ba shi da yawa.

Allon jibsam, wato allon silin mai takarda a fuska da baya, wanda aka fi samu a kasuwa mita 1.2 ne a faɗi, 2.4 a tsawo. Ana samun mai kaurin milimita 9 da mai 12 ko 12.5. A irin wannan silin mai 12 nake sa wa. Mai 9 ya fi sauƙin ɗagawa, ya fi araha, amma yana saurin yin ciki tsakanin sanduna, musamman in aka shimfiɗa audugar hana zafi a bayansa. Mai 12 ɗin nauyinsa na kaiwa kilo 23 zuwa 26, gwargwadon kamfani.

A nan ne lissafin yanka yake da muhimmanci. In ka jera cikakkun alluna biyu a kan gangaren mita 2.6, sai a bar ka da tsiri mai santimita 20. Wannan tsirin ba ya ɗauruwa da kyau, kuma ko a sama ka sa shi ko a ƙasa, ya jera maka haɗi biyu kusa da juna a wurin da ya fi motsi. Abin da nake yi shi ne in raba gangaren layi uku: na ƙasa santimita 60, na tsakiya cikakken allo 120, na sama 80. Amfanin wannan tsarin shi ne dogayen gefunan allo daga kamfani ake sirance su, suna da ɗan kwari da tef da kwaɓi za su kwanta a ciki. In cikakken allo yana tsakiya, gefensa na sama da na ƙasa duk za su haɗu da gefe mai kwari, yankakkun gefuna kuma su fuskanci bango da ƙololuwa, inda kusurwa za ta ɓoye su. Allo guda in an tsaga shi biyu yana ba da na 60 guda biyu, kowanne da gefensa mai kwari. Na 80 yana barin rarar 40, wadda ake amfani da ita wajen toshe bayan haɗi.

Da wannan tsarin, alluna 13 ne za su shiga. Ina sayen 14. Sukuru na tafiya wajen 45 zuwa 50 a cikakken allo, don haka kwali mai dubu ya isa har da saura. Tef na takarda nadi ɗaya mai mita 75 ya wadatar. Garin haɗi kilo 20 zuwa 25, ban da wanda za a shafe fuskar silin gaba ɗaya da shi in an yanke shawarar yin haka. Sai tef na musamman na ƙololuwa, mita 6 ba tare da yanka ba.

Allunan su kwana biyu a cikin ɗakin kafin a fara, a kwance a kan katakai, ba a jingine da bango ba. Wanda aka jingina yakan lanƙwashe, ya kuma tafi da lanƙwasarsa sama. Filastar bango da daɓen ƙasa su riga su bushe, tagogi su kasance an sa. Rufin kuma a tabbatar ba ya yoyo. In da hali a bari ruwa ɗaya ya sauka a kansa, ko a hau da tiyo a jiƙa shi sosai a duba ta ciki.

Ƙwarangwal

Ƙa'idar farko ita ce tsawon allo ya gitta sandunan da zai ɗauru a kansu, kada ya bi su. Allon ya fi ƙarfi ta tsawonsa, in ya gitta sanduna sai ya ƙi yin ciki. Tunda allunanmu a kwance za su tafi da tsawon ɗaki, sandunan da za su karɓe su dole su hau daga bango zuwa ƙololuwa.

Raftocin da kafintocinmu ke yi yawanci tazararsu ta yi yawa, kuma ba don silin aka daidaita su ba, don kwano aka yi su. Ban taɓa yarda in ɗaura allo kai tsaye a jikinsu ba. Hawa biyu nake yi. Manyan ƙarafan canel, wato dogayen ƙarafa masu kwari da ake rataye silin a jikinsu, su tafi da tsawon ɗaki, tazararsu kada ta wuce mita 1.2, a gangaren 2.6 ina sa uku. A ƙarƙashinsu sai ƙananan sanduna su hau gangaren, kowace santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. Allo mai milimita 12.5 an yarda a ba shi tazarar 60, amma a ƙarƙashin kwano mai zafi, da audugar hana zafi a bayansa, 40 ta fi kwanciyar hankali. Kuma 40 tana shiga 120 da 240 daidai, kan kowane allo zai sauka a tsakiyar sanda.

Wani abu da masu aikin silin shimfiɗaɗɗe kan manta in sun zo nan: wayar da ake rataye silin da ita ba ta riƙe gangare. Nauyin allunan nan ya kai wajen kilo 250 zuwa 280, kuma a gangare irin wannan fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin yana jan silin ne zuwa ƙasa ta wajen bango, ba tsaye ba. Waya tana hana abu faɗowa, ba ta hana shi zamewa. In silin ya zame ko da milimita biyu ne a kowane ɓangare, ƙololuwa ta buɗe. Da guntayen ƙarfe mai kusurwa nake ratayewa, a ɗaure su da sukuru biyu a jikin rafta, biyu a jikin canel, kowane mita 1 zuwa 1.2.

Wanda ya fi son katako zai iya, da sharaɗin ya bushe kuma an shafe shi da maganin gara. Ɗanyen katakon tu-bai-tu da aka sauke daga mota jiya, in ka rufe shi da allo, zai bushe a ciki ya murɗe, ya kuma ja da baya ya bar kan sukuru a tsaye. Waɗannan ƙananan ƙuraje da ke fitowa a fenti bayan wata shida ke nan. Ni dai na fi son ƙarfe saboda wannan.

Daidaitawa da zare ake yi. Zaren farko a ƙololuwa, daga tsakiyar bangon can zuwa tsakiyar na nan, a ja shi ya yi tauri sosai. Shi ne shugaba, duk wani awo daga gare shi yake tashi. Sai zare a gindin kowane gangare, sai biyu a tsakani. Ana ɗaga canel ko a sauke shi har ya taɓa zare ba tare da ya tura shi ba. Bayan an ɗaura ƙananan sanduna, ina bin su da miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2. Inda rata ta wuce milimita 3 sai a gyara. Yini guda da aka kashe a nan ya fi kwana uku ana ƙoƙarin cike kwari da kwaɓi, wanda ma ba ya ɓoyuwa.

Kafin a rufe, mai wayarin ya gama nasa ya gwada. Ƙugiyar fanka da ta fitila mai nauyi a jikin katakon rufi ake ɗaure su ko a wani ƙarfe na daban, ba a jikin sandunan silin ba, domin girgizar fanka kaɗai ta isa ta tsaga haɗi. Fanka a gangare tana buƙatar doguwar sanda don fikafikanta su kuɓuce wa allo.

Maganar zafi ba ta wuce ba tukuna. Silin shimfiɗaɗɗe yana da babban fili tsakaninsa da kwano, mai gangare kuwa kusan manne yake da shi. Jibsam ba ya son zama na dogon lokaci a zafin da ya haura wajen digiri 50, ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa yakan fara fita, allon ya yi rauni. Kwanon da ya sha ranar watan Afrilu ya wuce wannan nesa. Ina shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 50 a bayan sanduna, in bar aƙalla santimita 5 tsakaninta da kwano, da hanyar shigar iska ta bakin rufi da ta fita ta sama, a sa musu raga saboda tsuntsaye da jemagu. Wannan ratar ita ce kuma ke busar da raɓar da ke taruwa a cikin kwano da asubahin sanyi.

Ɗaura alluna

Mita 4 ba wurin tsani ba ne. A kafa dandamali mai faɗi wanda mutum uku za su tsaya a kai, mai hawa biyu don kan ma'aikaci ya kusa taɓa allo a ƙasa da kuma a sama. Akwai injin ɗaga allo mai ƙafa uku wanda kansa ke karkacewa ya bi gangare. In an samu haya, mutum biyu sun isa. Sandar tokare da ake amfani da ita a silin shimfiɗaɗɗe ba ta da amfani a nan, zamewa take yi.

Layukan da alluna za su bi daga ƙololuwa nake aunowa, ba daga bango ba: santimita 80, sannan 200. A buga su da zaren alli a kan sanduna. Shuɗin alli, ba ja ba, domin jan yana ratsa fenti ya fito. Daga ƙasa nake farawa. Layin 60 ana daidaita gefensa mai kwari da layin allin, duk karkatar bango ta tafi a yankakken gefen, a bar rata kamar milimita 5 tsakaninsa da filasta. Don ɗora layi na biyu, ina ɗaure guntayen katako biyu na wucin gadi a bakin layin farko su ɗan leƙo sama, sai a zura gefen allon a ciki, nauyin ya zauna a kansu, mutum biyu su danna, na uku ya ɗaure. Ramukan da suka bari kwaɓi zai rufe.

Kawunan alluna kada su yi layi ɗaya. In layin ƙasa ya tafi 240, 240, 120, na tsakiya ya fara da 120, na sama ya koma kamar na ƙasa. A ɗaya gangaren kuma a juya tsarin, don kada haɗin kai na wannan ɓangaren ya fuskanci na wancan a ƙololuwa. In suka fuskanci juna, tsaga ta sami hanya daga bango zuwa bango.

A jikin ƙarfe, baƙin sukuru mai ƙananan zare, milimita 25. A katako, mai manyan zare, 32 zuwa 38. Tazara kamar santimita 23 a tsakiyar allo, 15 a kawuna. Nesa da gefe mai kwari milimita 10, da yankakken gefe 13, in ba haka ba bakin ya farfashe. Ana farawa daga tsakiyar allo a yi waje, hannu ɗaya yana danne allon a jikin sanda. Sukuru ba ya jawo allo, abin da aka danna yake riƙewa. Kan sukurun ya nutse kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya, ba tare da ya huda takarda ba. Ƙarfin riƙon duk a takardar nan yake. Wanda ya huda ta ba ya riƙe komai, a bar shi a sa wani santimita 5 daga gefensa. Akwai ɗan bakin diril mai kwala da ke tsayar da sukuru a zurfi guda, kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne bambancin yaron da ya iya da wanda bai iya ba a ranar farko. In an gama, a bi kawunan da sikirefa: duk wanda ya yi ƙara bai nutse ba.

Layin sama ba a yanka shi da awo ɗaya. Kowane allo a auna shi a kawunansa biyu da tsakiya, a yanka, a gyara bakin da abin gurza. Alluna biyun da za su haɗu a ƙololuwa ina karkata bayan bakinsu kaɗan don fuskokinsu su kusanci juna, in bar rata milimita 3. Kada a matse su. Allunan da aka cusa da ƙarfi, ranar da rufi ya motsa sai ɗaya ya hau kan ɗaya.

A bayan ƙololuwar ina sa dogon tsirin farin kwano marar tudu, mai faɗin santimita 20, wanda aka lanƙwasa a tsakiya daidai da kusurwar. A ɗakin nan kusurwar digiri 135 ce. Bakin allunan biyu a jikin tsirin nan ake ɗaure su, shi kuma tsirin ba a ɗaure shi a jikin katakon rufi. Sukurun ƙarshe da ke shiga sanda yana tsayawa santimita 20 zuwa 25 kafin ƙololuwa. Ma'anar wannan ita ce bakunan biyu sun zama abu ɗaya, in ƙwarangwal ya motsa, allon ne zai ɗan lanƙwasa a wannan tazarar maimakon haɗin ya buɗe. Wanda ya jera sukuru har bakin ƙololuwa, kowane ɓangare a jikin nasa katakon, yana ganin ya ƙara ƙarfi, alhali ya ɗaure haɗin ne a jikin abubuwa biyu da kowanne ke tafiya tasa hanya.

Kwaɓi da tef

Garin haɗi iri biyu ne, kuma rikita su na jawo asara. Akwai wanda ake kwaɓawa da ruwa ya daskare da kansa cikin minti 45 ko 90, yadda aka rubuta a buhu. Yana da ƙarfi, ba ya ƙanƙancewa sosai, amma yana da wuyar gogewa. Akwai kuma wanda ke zuwa a kwaɓe cikin bokiti, shi sai ruwansa ya bushe, yakan ɗauki yini da kwana, yana da laushi a samfefa. Na farko nake cike rata da kwantar da tef da shi, na biyu na shafen ƙarshe. Garin fi-o-fi zalla, wanda wasu ke amfani da shi don araha, ba na sa shi a haɗi. Yana kamawa cikin ɗan lokaci, takardar allo na tsotse ruwansa, kuma ba ya manne mata yadda garin haɗi ke yi.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a barbaɗa gari, a bar shi minti biyu ya jiƙa kafin a juya. Kaurinsa kamar na kindirmo mai kyau, ya zauna a kan sikirefa in an karkata ta. Bokitin da ke da ragowar tsohon kwaɓi yana sa sabon ya daskare da wuri, don haka a wanke shi tas kowane zagaye. Wanda ya fara kamawa kuma ba a ƙara masa ruwa, zubarwa ake yi. A ƙarƙashin rufi mai zafi, ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai nan take, mai daskarewar yakan bushe kafin ya gama kamawa, sai ka ga yana zuba kamar gari in an taɓa. Maganinsa a yi aikin da safe, a rufe tagogin da iska ke kaɗowa, a kwaɓa kaɗan kaɗan.

Da farko a cike duk ratar da ta wuce milimita 3, har da ta ƙololuwa, a bari ta kama. Kawunan alluna ina ɗan fere bakinsu da reza, in cire takardar da ta tashi, in share ƙura. Sannan a shafa kwaɓi a haɗin da sikirefa mai santimita 15, a ɗora tef na takarda, a matse daga tsakiya zuwa ƙarshe. Matsewar tana da iyaka: in ka tatse kwaɓin duka, tef ɗin ya zauna a busasshen wuri, gobe ya yi kumfa. Duk kumfar da ta fito a yanke ta da reza a sake, shafe ba ya kwantar da ita. Tef mai raga ya fi sauƙin sawa don yana mannewa da kansa, amma yana miƙewa in an ja shi, shi ya sa a silin mai motsi na fi yarda da takarda. In dole sai raga, to da gari mai daskarewa kawai, kuma ban da kusurwa.

Ƙololuwa ita ke cin lokaci. Tef na takarda an yi masa karya a tsakiya don kusurwa mai digiri 90. A 135 ba shi da abin da zai jingina da shi, sai ya bi hannun mai shafe, layin ya fito yana karkace, kuma daga ƙofa za a hango. Akwai tef mai faɗi wanda aka saka siraran ƙarfe biyu ko roba mai tauri a cikinsa, yana lanƙwasuwa zuwa kowace kusurwa ya tsaya a miƙe. No-Coat da Strait-Flex suna cikin sanannu, akwai kuma marasa suna masu ƙarfe a shagunan kayan silin. Shi nake sawa, guda ɗaya daga bango zuwa bango. Kafin nan ina buga layin alli a gangare ɗaya, daidai inda gefen tef ɗin zai tsaya, wanda aka auno daga zaren tsakiya. A lanƙwasa tef ɗin a ƙasa tukuna, ya ɗan fi kusurwar buɗewa don gefunansa su danne allo. A shafa kwaɓi a ɓangarorin biyu, mutum biyu su ɗora shi, a bi layin alli ba bakin allo ba. Kafin kwaɓin ya kama, wani ya sauka ya tsaya a ƙarshen ɗaki ya hango layin, ya ce a tura nan, a ja can. Bayan ya kama babu gyara sai ɓamɓarewa.

Shafen da ke biyo baya ɓangare ɗaya ake yi, ya bushe, sannan ɗayan. In aka yi su tare, bakin sikirefa na tono wanda aka gama. Kada kuma a tara kwaɓi a tsakiyar kusurwar don a mayar da ita zagayayya. Kwaɓi mai kauri a wurin da ke motsi shi ne farkon fashewa. A dogon ɗaki ko rufin ƙarfe mai yawan motsi akwai wani nau'in mai roba mai taushi a tsakiya, irin Magic Corner na Trim-Tex, wanda ba a shafe tsakiyarsa, fenti kawai ake yi masa. Silin da tsawonsa ya wuce mita 9 kuma yana buƙatar a yanka masa layin numfashi a tsakani, wato ratar da za ta bar shi ya motsa ba tare da ya tsage ba, a sa ƙarfen da aka yi don haka.

In ƙololuwar ginin ta karkace ƙwarai har zare ya kasa ceto ta, ina ba mai gida shawarar ɗayan biyu: a shimfiɗa tsiri mai faɗin santimita 40 zuwa 60 a saman, wanda zai zama wurin fitilu, ko a rufe layin da katakon ado da aka ɗaure a ɓangare ɗaya kawai.

Inda silin ya sauka a bangon bulo, abu biyu ne mabambanta suka haɗu, kuma tef ɗin da aka naɗe rabi a allo rabi a filasta zai yage. Ina kwantar da tef ɗin a kan allo kaɗai, bakinsa ya tsaya a jikin bango, in cike ratar da abin toshewa na akirilik mai karɓar fenti. Silikon ba ya karɓar fenti, a kiyaye. Mai son kwalliyar kusurwa ya sani cewa wadda ake sayarwa don digiri 90 aka yi ta, a nan kuwa kusurwar ta kai 113, sai an fere bayanta ko a yi ta musamman.

Shafe na biyu da sikirefa mai santimita 25, na uku mai 30, kowanne ya fi na baya faɗi, ya fi shi siranta. Haɗin kai da kai ba shi da kwari, tef ɗin a saman fuska yake zaune, don haka ba a iya shafe tudunsa, sai dai a baje shi: santimita 25 zuwa 30 a kowane gefe, har ido ya kasa gane inda ya fara. Kawunan sukuru shafe uku su ma. Tsakanin shafe da shafe kankare tudu ake yi da bakin sikirefa, ba gogewa ba.

Gogewa da fenti

Samfefa mai lamba 150 zuwa 180, a naɗe a katako mai faɗi ko a kan sanda, da takunkumi da tabarau, domin ƙurar a fuska take sauka. Hannu marar nauyi. In ka ci takardar allo sai ta yi gashi, fenti ya nuna shi. Ana gogewa da fitila a hannu, a manna ta a jikin allo haskenta ya bi fuskar. Duk abin da ya yi inuwa a zagaye shi da fensir a dawo masa.

Silin mai gangare yana fuskantar mai shigowa kamar bango, kuma in akwai taga a saman bangon ƙarshe, haskenta na bin fuskarsa a kwance ya tona kowane haɗi. A irin wannan ɗakin ina shafe silin gaba ɗaya da kwaɓi mai ruwa ruwa, siriri ƙwarai, a shafa a kankare nan take. Ba don a cike kwari ba, don takarda da kwaɓi su zama fuska iri ɗaya. In ba a yi haka ba, wurin kwaɓi na shan fenti daban da wurin takarda, sai layukan haɗi su bayyana ko da sun kwanta sumul.

A share ƙura da busasshen tsumma ko tsintsiya mai laushi, a yi shafen share fage na allon jibsam sau ɗaya, a sake zagayawa da fitila, domin akwai abin da ba ya fitowa sai bayan wannan shafen. Sannan fenti marar ƙyalli sau biyu. Mai sheƙi ko kaɗan ne yana ninka duk wani aibi. Rola ta bi gangaren daga ƙololuwa zuwa bango, a gama ɓangare ɗaya ba tsayawa kafin a koma ɗayan, kuma tsakiyar ƙololuwar da buroshi ake bi, a ja shi da tsawon layin.